Kafin A Ce A Sauke Inji

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da rangadi, ko malami ne mai duba makarantun ƙauye, ko akawu mai kai takardu, ya sani motar ofis ba abin ado ba ce. Ita ce ƙafarsa. Ran da ta kwanta, aikin mutum ashirin ya kwanta tare da ita. Motocin da aka fi ba ma'aikata don wannan aiki su ne a-kori-kura irin su Hilux, da jif mai tsayin ƙafa irin su Land Cruiser da Land Rover, sai kuma babbar mota mai jigilar benci da littattafai da abincin 'yan makarantar kwana. Dukansu kuwa kuka biyu aka fi kawowa a kansu. Na farko a ce inji yana rawa, na biyu a ce motar tana dukan mutum, ba ka sauka sai ƙugunka ya sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, ko da ya ke ni ba makanike ba ne, shi ne wanda ke sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara galibi ba direba ba ne, ba kuma mai gyaran ba. Akawu ne, ko shugaban makaranta. Kuɗin nan kuwa daga aljihu ɗaya suke fitowa da kuɗin alli da na allo. Idan mai sa hannu bai san kome game da abin da yake biya ba, to, duk abin da aka gaya masa shi ne gaskiya.

Wata shekara, hunturu ya yi tsakiya, muka tashi daga Bauci da takardun jarrabawa za mu kai wasu makarantu da ke bayan Ningi. Tun a hanya na lura in mun tsaya sai motar ta kama karkarwa kamar mai jin sanyi, wani lokaci har ta mutu, amma da direba ya taka totur sai ta ware. Muka tsaya wurin wani mai gyara a bakin hanya. Bai ko buɗe bonet sosai ba ya girgiza kai, ya ce ring ya tafi, sai a sauke inji, aikin kwana uku ne. Jarrabawa kuwa gobe da safe. Har na fara lissafin inda zan samo motar haya, sai direbanmu, wani dattijo wanda ya yi shekaru yana jan manyan motoci kafin ya zo wurinmu, ya dawo daga salla. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma." Na ce, "Baba, ga ka ga ta." Ya tada inji, ya sunkuya, ya karkata kunne, ya ce mini in matso in ji. Can sai na ji wani ɗan huci siriri kamar na maciji. Ya bi sautin da hannu har ya kamo wata 'yar tiyo ta roba, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, bakinta ya tsage don tsufa da zafi. Ya zaro wuƙa ya yanke wurin da ya tsage, ya mayar da ita mazauninta. Nan take inji ya natsu. Kafin magariba takardu sun isa hannun masu su.

Tun daga ran nan na ɗauki al'ada, in mota ta yi ciwo sai in bi ta daga abu mai araha zuwa abu mai tsada, daga abin da ido ke gani zuwa abin da sai an kwance. Amma kafin wannan akwai tambaya guda wadda ke raba gardama: rawar nan daga inji take, ko daga ƙafafu?

Gane wannan ba wuya. A tsayar da mota wuri ɗaya, a ja birkin hannu, a sa giya a firi, a bar inji yana silo, sa'an nan a riƙa taka totur sannu sannu. In rawar tana nan alhali taya ba ta juyawa, laifin yana wajen inji. In kuwa motar lafiya lau take a tsaye, sai ta kama gudu rawar ke zuwa, a nemi hanya miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso, a kai gudun da rawar ke fitowa, a taka kuloci a sake totur. Inji ya koma silo ke nan, mota kuwa tana kan gudunta. Idan rawar ba ta ragu ba, a bar inji ya huta da zargi, a koma kan taya da abin da ke juya ta. Sau da yawa an sayi fulogi sabbi don ciwon da ke cikin taya.

To, bari mu fara da inji. Injin fetur abu huɗu yake bukata a kowace silinda: iska, da mai, da tartsatsin wuta, da matsi. Fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta, ƙunar ta tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza a silinda guda, sai ta zama kaya a wuyan 'yan'uwanta, su ja ta maimakon ta taya su ja. Wannan shi ne makanikai ke kira misin, kuma shi ne tushen yawancin rawar inji. A inji mai silinda huɗu ya fi fitowa fili, gama rubu'in ƙarfinsa ne ya tafi.

Mutane sun fi kula da mai domin shi ake saye da kuɗi, amma iska ce inji ya fi ci nesa ba kusa ba. A bisa nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, watau lita guda ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Dubi wannan, sa'an nan ka tuna irin ƙurar da ke tashi tun daga Nuwamba har zuwa Maris, da wadda motar gaba ke watsa wa ta baya a hanyar burji. Duk sai ta bi ta cikin matatar iska. Tsoffin Land Rover na zamanin En'e, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, matatarsu tukunya ce mai baƙin mai a gindi, ƙura ta faɗa ciki ta maƙale, a zubar a wanke a sake zuba sabo. Motocin yanzu matatarsu ta takarda ce. A ciro ta a ɗaga ta wajen rana, in haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Kada a yarda yaron gareji ya hura mata iska mai ƙarfi har ta huje, gama matata mai huda ta fi toshasshiya ɓarna: toshasshiya ƙarfi kaɗai take rage wa mota, mai huda kuwa yashi take aika wa fistin.

Ciwon da ya same mu a hanyar Ningi shi ma na iska ne, amma ta wata fuska. Motar zamani tana da ɗan ma'auni bayan matata wanda ke auna iskar da ta shiga, kwamfutar mota kuma ta ba da mai daidai da ita. In tiyo ta tsage bayan ma'aunin nan, sai iskar da ba a ƙidaya ba ta saci hanya ta shiga, mai ya yi kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A silo iskar da inji ke sha kaɗan ce, saboda haka ta satar nan takan rinjaya. Da an taka totur kuwa sai ta ɓace cikin yawa. Shi ya sa rawar da ke tsananta a tsaye ta lafa a kan gudu, tiyo ya kamata a fara nema.

Sai wuta. Fulogi shi ne mai ba da shaida a kan abin da ke gudana cikin silinda, in dai an san karanta shi. A kwance su ɗaya bayan ɗaya, a jera su bisa tsarin da aka ciro su. Wanda bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi wa silindarsa yawa, ko kuwa wuta ba ta isa. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, wannan ne kaɗai ke nuna akwai magana a ciki, wajen ring ko wajen bawul. Wanda ya yi fari fat, zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. In uku sun yi kama, ɗaya ya fita dabam, an san ɗakin da ɓarawo yake.

A motocin da, irin masu kafireto, kwayil guda ne ke raba wuta ta wayoyi, kuma direbobi sukan duba su da dare: in waya ta tsufa sai a ga wuta shuɗiya tana tsalle a jikinta. A yawancin motocin fetur na yanzu kowane fulogi da nasa kwayil a kansa. Wannan ya kawo wata dabara wadda ba ta cin ko kwabo. In ana zargin silinda ta biyu, a musanya kwayil ɗinta da na ta uku. In ciwon ya bi kwayil ya koma ta uku, an kama mai laifi, guda ɗaya za a saya ba huɗu ba. In ya tsaya a ta biyu, a musanya fulogi, sa'an nan a dubi nozul mai fesa mai.

Yaya za a san silindar da ke misin? Tun 1996 aka wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, daga baya Turai ta bi, yau kuwa da wuya ka ga sabuwar mota ba ta da ita. Na'urar takan nuna lamba. P0301 ma'anarta silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuwa misin ɗin yawo yake yi, wanda ya fi nuna laifin abin da silindu suka yi tarayya a kai, watau mai ko iska. Sai dai a lura, lambar nan ɗaki take nunawa, ba ta faɗin abin da ya lalace a cikinsa. Wanda ya ce maka kwamfuta ta ce a sayi abu kaza, ka tambaye shi lambar, ka rubuta. Fitilar inji da ke kan dashbod kuma, in ta kama ta tsaya, ana iya lallaɓawa a kai gareji. In tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai ne ke wucewa yana ƙonewa cikin matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ita kuwa tsadarta ta ninka ta fulogi sau da yawa.

Game da mai, tambaya ɗaya ta isa: yaushe ciwon ya fara? In direba ya ce tun daga shan mai na ƙarshe, to, kada a kwance kome tukuna. A zuƙo kaɗan daga tanki a zuba cikin kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur da gas nauyi, zai kwanta a ƙasa, ana ganin iyakarsu. Ba kullum ne laifin 'yan bumburutu ba: a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur ƙasar nan wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, motoci suka lalace a Legas da Abuja, har aka janye shi daga gidajen mai.

Injin gas, wanda ke cikin manyan motoci da yawancin Land Cruiser na daji, ba shi da fulogi mai ƙyasta wuta. Zafin iskar da aka matse shi ke kunna man. Abokan gabansa biyu ne, ruwa da iska a cikin bututun mai. A gindin matatar mai akwai ɗan famfo na tsiyaye ruwa, direba na ƙwarai yakan buɗe shi lokaci lokaci. In an bar tanki ya ƙafe, ko an sake matata, iska kan shiga, sai an buga ɗan famfon hannu an fitar da ita kafin inji ya daidaita. Rawar da ke zuwa da sanyin safiya kaɗai, da farin hayaƙi, ta wuce bayan 'yan mintoci, yawanci hita ce ta mutu a silinda guda. Baƙin hayaƙi mai ya fi iska yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai ɗorewa tare da raguwar ruwan lagireto kuwa gaskit ne, wannan kam ba na wasa ba ne. Gargaɗi guda a nan. Tsoffin makanikai sun saba sassauta bututun nozul inji yana aiki don su gane silindar da ta mutu. A injin gas na zamani ƙarfin man da ke cikin bututun nan yakan haura ma'aunin ba 1,500, yana iya huda fatar mutum. Kada a bar kowa ya gwada.

Akwai kuma rawar da inji ba shi da laifi cikinta ko kaɗan. Robobin da yake zaune a kansu, waɗanda ake kira injin-sit, in sun tsage ko baƙin mai ya jiƙa su sun ruɓe, sai motsin da suka saba shanyewa ya wuce cikin jikin mota. Alamarsu ita ce ƙara "gaf" sa'ad da aka sa giya ko aka tashi.

In duk an bi waɗannan ba a sami kome ba, sa'an nan ne ake auna matsin silindu da agogon awo. Aikin rabin sa'a ne. Wanda ya ce a sauke inji bai yi wannan awo ba, duba yake yi, ba gyara ba.

Mu koma ga dukan da mota ke yi wa mai zama. Abu na farko da ya kamata a sani, a-kori-kura don kaya aka yi ta. Sifirin ɗin bayanta, mai ganye-ganye, an yi shi ya ɗauki wajen tan guda. In ba kome a baya sai direba da malami a gaba, tilas ta yi tsalle a kan gargada, wannan halitta ce, ba ciwo ba. Buhu biyu ko uku na yashi a bisa ƙafafun baya sukan sauya ta har ka yi mamaki. Masu ƙera jif sun daɗe da gane haka, shi ya sa Range Rover ta fito a 1970 da sifirin mai naɗi, Land Rover ma ta koma kansa a 1983. Ciwo shi ne in motar da ka sani da laushi ta sauya hali.

A nan ma mai arahar shi ne kan gaba: iskar taya. Na sha tsayawa wurin mai faci in ga ya cika taya, ya buga ta da ƙarfe ya saurara, ya ce ta yi. In ka auna sai ka tarar 55 ko 60, alhali irin waɗannan motoci, in ba kaya, awonsu bai cika wuce 30 zuwa 35 ba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Awon gaskiya yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin mota, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Taya mai iska fiye da kima ba duka kaɗai take yi ba, tsakiyarta ke cinyewa, riƙonta a ƙasa kuma ya ragu. Ma'aunin iska ɗan ƙarami ne, ya kamata kowace motar ofis ta sami nata. Sa'ad da ake aunawa a dubi shekarun tayar: lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 mako na 23 ke nan na 2019. Roba takan bushe ta taurare ko da zanenta bai cinye ba, masu ƙera taya kuma sun ce kada a wuce shekara 10 da ita ko yaya take da kyan gani.

Rawar da ke zuwa a sitiyari wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, ta ragu in an wuce ko an sauko, rashin daidaiton nauyin taya ne. Da damina, kafin a biya kuɗin balansin, a leƙa cikin garen taya, sau da yawa taɓo ne ya bushe a gefe guda. In kuwa rawar daga ƙarƙashin kujera take, tana ƙaruwa da gudu, a duba kuros na sandar da ke kai juyi ƙafafun baya. Giris yake so, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Shokazoba mutane da yawa suna zaton ita ke ɗauke da mota. Ba haka ba ne. Sifirin ke ɗaukar nauyi, ita aikinta ta hana shi ci gaba da lilo bayan an wuce rami. In ta mutu, taya takan riƙa barin ƙasa tana dawowa, birki ya yi nisa kafin ya kama, mota ta riƙa zamewa a kwana. Dattijon nan ya koya mini gwaji mai sauƙi: bayan tafiyar 'yan kilomitoci a kan gargada, a tsaya a taɓa jikin kowace shokazoba da hankali. Mai aiki za a ji ta da ɗumi, gama motsin da take kashewa zafi yake zama. Wadda aka ji sanyi ƙalau, ko aka ga mai yana tsiyaya a jikinta, ta gama. Bibbiyu ake sake su, dama da hagu tare, kuma araha ba ta ado.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙarin ganye. Direba ya ga bayan mota ya zauna don an saba ɗora mata fiye da ƙarfinta, sai a kai ta wurin mai walda a cusa ganye biyu ko uku a sifirin. Motar ta miƙe kam, amma daga ran nan ta zama amalanke, dukan da sifirin ya ƙi sha kuma sai ya koma kan shasi da kusoshi. Gara a duba ko wani ganye ya karye, ko tsatsa ta manne su ba sa zamewa a kan juna, ko mariƙin ƙarshen sifirin ya ƙafe don rashin giris. In kuma sifirin ya gaji har gatari yana dukan robar da ke bisansa, za a ga wurin ya yi ƙyalli, sabo ne magani.

Saura guda wanda kan kama sabon direba. Giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, a Hilux da ire-irenta don yashi da taɓo aka yi ta. In an fito kwalta aka manta ba a cire ba, ƙafafun gaba da na baya suna ɗaure da juna, alhali a kwana ba tafiya ɗaya suke yi ba. Sai sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa tana tsalle, taya tana kuka. A tsaya, a cire, in ta ƙi fita a ɗan ja da baya kaɗan.

Ga 'yan'uwana akawuna da shugabannin makarantu, littafin da ake rubuta tafiye-tafiyen mota yana da fili a gefe wanda ba a cika amfani da shi ba. A sa direba ya riƙa faɗin ciwo da bayani, a rubuta: ran da ya fara, a tsaye ko a kan gudu, da sanyi ko bayan inji ya yi zafi, da kaya ko ba kaya, da inda aka sha mai na ƙarshe. "Tana rawa" ba bayani ba ne. "Tana rawa a silo in ta yi zafi, tana daina wa in an taka totur, tun ran Talata" ya rage wa makanike rabin aiki, ya kuma nuna masa akwai mai lura. In an gama gyara, a ce a zo da tsoffin kayan da aka cire tare da takardar kuɗi, a ajiye su a sito har mai binciken kuɗi ya zo.